Haidirojin Daga Sukari: Abin da Bakteriya Za Ta Iya da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Mutanen ƙasar Illela, daga cikin gari har Garu da Kalmalo da Araba, sun ga sauye-sauyen harkar man fetur a jikinsu cikin 'yan shekarun nan. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, domin toshe fasa-ƙwaurinsa zuwa Konni da sauran garuruwan ƙetare. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura dubu. Wata biyu bayan cire tallafin sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyaka har zuwa Maris ɗin 2024. Ɗan kabu-kabu, da mai injin niƙa, da manomin albasa da ke ba gonarsa ruwa da injin fetur, duk sun koma lissafin kowace kwalba da suka saya wurin 'yan bumburutu.

A irin wannan hali, duk labarin sabon makamashi yana saurin shiga kunne. Ɗaya daga ciki shi ne cewa masana sun gyara wasu ƙwayoyin bakteriya, ana ba su sukari suna fitar da iskar haidirojin da za ta tuƙa mota ko ta ba da lantarki. Labarin yana da tushe, an fi shekara 90 ana bincike a kansa. Sai dai wajen yaɗa shi an cakuɗa shi da wasu abubuwa uku da ba su da alaƙa da juna: iskar CNG da gwamnati ke tallatawa, da janareta mai aiki da ruwa da wasu ke iƙirarin sun ƙera, da kuma rigimar irin shuka da aka sauya wa halitta. Kowannensu na buƙatar a ajiye shi a mazauninsa kafin a yanke hukunci.

Ma'anar kalmomin

Haidirojin iska ce, ita ce mafi rashin nauyi a duk sinadaran da aka sani. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana cikin ruwan da muke sha, domin ruwa haɗin haidirojin ne da iskar oksijin da muke shaƙa, kuma kashi ɗaya cikin tara na nauyinsa haidirojin ne. Tana cikin sukari da itace da fetur. Idan aka ƙone ta tsantsa, sai ta sake haɗuwa da oksijin ta koma ruwa, babu baƙin hayaƙi, babu iskar kabon mai ɗumama duniya. Wannan shi ne abin da ya ja hankalin ƙasashe gare ta. Kilo ɗaya nata yana ɗauke da ƙarfin da ya kusa na lita 4 ta fetur.

Ta bambanta da gas ɗin girki na tukunya, wanda ake samu daga tace ɗanyen mai da iskar ƙasa. Ta bambanta da CNG, wato iskar ƙasa da aka matse, wadda akasarinta sinadarin metan ne. Ta kuma bambanta da bayogas, iskar da ke tashi daga ruɓewar kashin shanu a rufaffen rami, wadda ita ma fiye da rabinta metan ne. Motar da aka mayar mai amfani da CNG ba za a ɗura mata haidirojin ba.

Bakteriya ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Da yake a asibiti aka fi jin sunansu, mutane na ɗaukar duk cuta ne, alhali masu cutarwa 'yan kaɗan ne a cikinsu. Bakteriya ce ke mayar da madara nono da kindirmo. Ita ce ke nunar da kalwa ta zama daddawa bayan an dafa an rufe ta kwana biyu ko uku. Ita ce ke sa baba ya kama a karofin marina. Bahaushe ya daɗe yana kiwon bakteriya yana cin moriyarta, sunan ne kawai sabo.

Kowace halitta tana ɗauke da ƙwayoyin gado, wato umarnin da ke tsara yadda za ta ginu da abin da jikinta zai sarrafa. Gyaran ƙwayoyin gado shi ne a cire wani umarni, ko a ƙarfafa shi, ko a kawo wani daga wata halitta a dasa. Herbert Boyer da Stanley Cohen ne suka fara yin haka ga bakteriya a Amurka a 1973.

Saura kalmar sukari. A bakin masana sukari dangi ne babba. Akwai gulukos, wanda ke yawo a jinin mutum. Akwai na rake, wanda ake shan shayi da shi, ake kuma dafa mazarƙwaila daga ruwansa. Garin gero da na rogo gulukos ne da aka ƙulla kamar tasbaha. Karan dawa da totuwar masara da buntun shinkafa su ma sukari ne a ƙulle, sai dai ƙullinsu ya yi taurin da cikin mutum ba ya iya kwance shi. Ana ce wa waɗannan masu sabuntuwa ne saboda kowace damina ana noma wasu, saɓanin ɗanyen mai da in an haƙo ya ƙare ke nan.

Yadda ƙwayar ke fitar da iskar

Duk inda bakteriya ta ci sukari a wurin da babu oksijin, dole ta nemi hanyar zubar da ragowar abin da ta sarrafa. Wasu suna zubar da shi a matsayin tsami, kamar na nono. Wasu kuma suna fitar da wani ɓangare a matsayin iskar haidirojin. Wannan na faruwa kullum a tumbin saniya: wasu ƙwayoyi suna cin ciyawa su fitar da haidirojin, wasu na kusa da su su cinye ta nan take su mayar da ita metan, saniya ta yi gyatsa ta fitar.

A 1931 Marjory Stephenson da Leonard Stickland na Jami'ar Kambirij a Ingila suka gano sinadarin da ke yin wannan aiki a jikin bakteriya. Irin waɗannan sinadarai ana kiransu enzayim, kuma su ne ma'aikatan cikin ƙwaya, kowanne da aikin da ya iya. Bakteriyar da aka fi bincike a kanta ita ce E. coli, wadda ke zaune a hanjin mutum da dabba. Tana farfasa gulukos har ya zama wani tsami mai suna fomik, irin wanda wasu tururuwa ke fesawa, daga nan wani enzayim ya raba shi biyu, haidirojin da iskar kabon.

Matsalar ita ce ƙwayar ba don mutum take wannan aiki ba. Tana da wasu enzayim da ke sake cinye haidirojin ɗin da ta fitar. Tana da hanyoyi da dama da sukari ke bi ya zama wasu tsamammu da barasa. Tana da wani umarni da ke taka wa enzayim mai fitar da iskar birki. Mai gyaran gado yana yin abin da mai noman rani ke yi ne idan yana son ruwa ya isa fangali guda: ya bi ya toshe sauran magudanai da ƙasa, ya faɗaɗa wanda yake so. A Jami'ar Texas A&M, Thomas Wood da Toshinari Maeda da abokan aikinsu sun goge wasu ƙwayoyin gado daga E. coli, suka ba da rahoto wajen 2008 cewa ƙwayar tasu na fitar da haidirojin ninki 140 na wadda ba a taɓa ba. Wannan adadi ne ya zagaya jaridun duniya. Abin da ba a cika ambata ba shi ne an samu ninkin ne lokacin da aka ciyar da ƙwayar da tsamin fomik kai tsaye. Da aka ba ta gulukos, abin da ake samu daga kowane awo na sukari bai wuce ninki biyu ba.

Katangar Thauer

Nan ne zuciyar batun, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙa'idar kimiyya, idan aka tatse ƙwayar gulukos ɗaya tas tare da ruwa, za a iya samun ƙwayar haidirojin 12. A 1977 masanin Jamus Rudolf Thauer da abokansa suka nuna cewa bakteriya mai rai da ke ruɓar da sukari a duhu ba ta wuce 4, domin tana ci ne don ta rayu ta hayayyafa, kuma ragowar ƙarfin sukarin yana fita a cikin tsami irin na binega. Dangin Clostridium da wasu masu son zafi ne ke kusantar 4 ɗin. E. coli, ta hanyarta ta gado, iyakarta 2. Ke nan ko a yanayi mafi kyau, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin sukarin ne ke komawa haidirojin.

An yi ta neman hanyar tsallake wannan katanga. A 2018 Raghuveer Singh da Paul Blum na Jami'ar Nebraska suka yi aiki a kan Thermotoga maritima, wata bakteriya da aka samo a zazzafan ruwan gaɓar tsibirin Vulcano a Italiya, wadda ta fi jin daɗin rayuwa a zafin digiri 80. Sun rage mata saurin girma, sai ta karkata abin da take ci zuwa iskar, suka ba da rahoton samun 5.7. A Virginia Tech kuma Percival Zhang ya bi wata hanya dabam: ya rabu da ƙwayar gaba ɗaya, ya tattaro enzayim fiye da goma ya zuba su a tukunya ɗaya da sukari. Da yake babu mai rai da zai ci rabonsa, ya kusanci 12, kuma a 2015 ya nuna ana iya yi da sukarin da aka tatso daga karan masara. Amma enzayim tsantsa suna da tsada, kuma suna lalacewa. Wasu kuma suna ɗaukar tsamin da ya rage su ba wata bakteriya mai aiki da hasken rana, ko su sa masa ɗan lantarki kaɗan ya saki sauran haidirojin ɗin, dabarar da Bruce Logan na Penn State ya bayyana a 2005. Duk waɗannan ci gaba ne na gaskiya. Duk kuma a kwalabe da ƙananan tankunan ɗakin bincike aka yi su. Haidirojin da duniya ke sarrafawa a shekara ya haura tan miliyan 90, kusan dukkansa daga iskar ƙasa da gawayin kwal, kuma rabon bakteriya a ciki bai kai a lissafa ba.

Lissafin buhu ɗaya

Mai karatu zai iya gwada lissafin da kansa. Giram 180 na gulukos, idan aka kai iyakar Thauer, yana ba da giram 8 na haidirojin. Kilo ɗaya na iskar zai ci sukari fiye da kilo 22. Buhun sukari mai kilo 50, irin wanda ake saukewa a kasuwar Illela, zai ba da kilo biyu da ɗan ɗoriya, wato ƙarfin da bai kai lita 9 ta fetur ba. Idan E. coli ce ta yi aikin, rabin haka za a samu. Akwai na'urar da ke mayar da haidirojin lantarki kai tsaye ba tare da ƙonawa ba, wadda za a iya kira batirin haidirojin, kuma tana cin moriyar makamashi kusan ninki biyu na injin fetur. Ko da an sa wannan a lissafi, buhun zai yi aikin da bai kai na jarka ɗaya mai lita 20 ba. Duk wanda ya san kuɗin buhun sukari da kuɗin jarkar mai ya ga inda cinikin ya karye.

Idan aka ba yis wannan buhu, irin yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, zai fitar da sinadarin etanol wajen lita 30, kuma yawancin ƙarfin sukarin yana nan a ciki. Wannan ce hanyar da Brazil ta bi tun 1975, motocinta na tafiya da man rake har yau. Najeriya ma ta fitar da manufar man tsirrai a 2007, amma har yanzu ba a ga etanol ɗin gida a famfon gidajen mai ba. Idan hanyar da ta fi sauƙi da riba ba ta kankama ba, bai kamata a yi wa mutane alƙawarin wadda ta fi ta wuya ba.

Ga kuma gaskiyar cewa Najeriya ba ta ciyar da kanta da sukari. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ɗanyen sukarin da matatunta ke tacewa shigo da shi ake yi, akasari daga Brazil, duk da shirin bunƙasa noman rake da aka amince da shi a 2012 da gonakin Numan da Sunti da Lafiagi. Rake kuma shuka ce mai ƙishirwa, tana shan ruwa ninki biyu zuwa huɗu na abin da damina ke saukarwa a arewacin Sakkwato. Fadamar da ake da ita, daga Kalmalo zuwa bakin madatsar Goronyo, tuni albasa da tumatir da alkama da shinkafa suke gogayya a kanta.

Kara ba shara ba ne

Masu goyon bayan wannan fasaha sun san wannan lissafi, kuma amsarsu ita ce ba sukarin shayi suke nufi ba. Suna nufin ragowar gona: kara, totuwa, buntu, ɓawon rogo, tuƙar rake. A ganinsu wannan dukiya ce da ake ƙonawa a banza.

Amsar tana da ƙarfi a wasu wurare. Buntun da ke taruwa tsibi-tsibi a bayan injinan casar shinkafa na Kebbi da Kano, da ruwan wankin rogo a kudu, da datti mai zaƙi da ke fita daga masana'antar sukari, duk abubuwa ne da masu su ke neman yadda za su rabu da su. A Garu da maƙwabtanta kuwa lamarin dabam yake. Karan gero shi ne darni da zana da rufin rumbu. Shi ne makamashin girki inda itace ya yi ƙaranci. Karan dawa da harawa su ne ke riƙe da dabbobi daga kaka har faɗuwar ruwa, kuma ana sayar da su da kuɗi mai kauri a bazara, musamman a yankin da ke da babbar kasuwar dabbobi kamar ta Illela. Wanda aka bari a gona shi ke kare ƙasa daga iskar hunturu, ya ruɓe ya zama taki. Duk shirin da zai kwashe kara zuwa masana'anta zai ɗauke shi ne daga bakin tunkiya da murhun uwargida, kuma su ne za su fara jin tsadarsa.

Kwance ƙullin kara ya zama sukari ma aiki ne mai cin kuɗi: niƙa, dafawa da tururi ko tsami, sannan enzayim. Amurka ta gwada wannan da manyan masana'antu don yin etanol daga karan masara. Ta kamfanin DuPont a jihar Iowa an buɗe ta a 2015, aka rufe a 2017. Ta POET-DSM da aka buɗe a 2014 ta dakatar da sarrafawa a 2019. Wannan a ƙasar da ke da injinan tattara kara da hanyoyi da tallafin gwamnati.

Fargabar sauya halitta

Ra'ayi ya rabu sosai a Najeriya kan sauya ƙwayoyin gado, musamman tun da aka amince da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a 2019 da masarar TELA a 2024, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta yi aiki a kansu. Masu adawa, ciki har da ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey, suna nuna damuwa kan lafiya, da gurɓatar irin gargajiya, da mayar da manomi mai dogaro da kamfanoni. Masu goyon baya suna nuni da raguwar feshin magani da ƙaruwar amfani. Hukumar NBMA da aka kafa a 2015 ita ce doka ta ɗora wa alhakin ba da izini da sa ido, kuma gyaran dokar na 2019 ya shigar da sababbin dabarun gyaran gado a ƙarƙashinta.

Bakteriyar haidirojin ta bambanta da waɗancan ta fuska biyu: ba a cin ta, ba a kuma shuka ta a fili. A rufaffen tanki take aiki. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ya riga ya amfana da irin wannan, domin tun 1982 ake sayar da insulin da gyararriyar E. coli ke sarrafawa, kuma yawancin wanda ke kasuwa yau daga gyararriyar bakteriya ko yis yake fitowa. Ƙwayar da aka toshe wa hanyoyin cin abinci kuma raunanniya ce, da wuya ta yi gogayya da 'yan uwanta na daji in ta fita.

Duk da haka fargabar ba ta zama banza ba. Bakteriya suna musayar ƙwayoyin gado a tsakaninsu, kuma a ɗakin bincike an saba liƙa wa ƙwayar da aka gyara alamar jure wani maganin kashe ƙwayoyin cuta domin a tantance ta. Idan aka zubar da ruwan tanki a kwata ba tare da an dafa shi ba, wannan alama za ta iya yaɗuwa, a ƙasar da magungunan asibiti suka riga suka fara gazawa. Tambayar da ta dace a yi wa duk mai son kafa irin wannan tanki ita ce yadda zai kashe abin da ke ciki kafin zubarwa, da kuma wanda zai zo ya duba.

Raunin gyararriyar ƙwayar kuma shi ne babban cikas ga amfani da ita a karkara. Gyararriyar ƙwaya tana son abinci tsaftatacce da tanki da aka tafasa. Da zarar an zuba mata shara daga kasuwa, dubban ƙwayoyin daji za su shigo tare, su cinye abincin, wasu su cinye haidirojin ɗin. Shi ya sa masu binciken da ke aiki da shara suka fi komawa ga dabara mai sauƙi: su ɗebo kashin shanu ko laka, su dafa shi ya kashe masu yin metan, a bar dangin Clostridium waɗanda ke jure zafi. Wannan ba ya buƙatar gyaran gado ko kaɗan.

Ajiya, haɗari, da janaretan ruwa

Ko an samu iskar, sai an raba ta da iskar kabon da ke fitowa tare da ita, sannan a nemi inda za a zuba. Kilo ɗaya, in ba a matse ba, yana cika sarari mai kubik mita 11, kwatankwacin ƙaramin ɗaki. Motoci irin su Toyota Mirai, da ta fito a 2014, suna ɗaukar wajen kilo 5 a tankin da aka matse ninki 700 na nauyin iskar da ke kewaye da mu, fiye da sau uku na matsin CNG. Haidirojin na sulalewa ta ƙofar da wata iska ba za ta bi ba, tana kama wuta da ɗan tartsatsi, harshenta da kyar ake ganinsa da rana. Ana iya sarrafa ta lafiya, masana'antu na yi kullum, amma ba a jarka ko tukunyar da mai walda ya haɗa ba. Ko a jihar Kalifoniya, inda aka fi ko'ina a Amurka gidajen sayar da ita, kamfanin Shell ya rufe nasa na ƙananan motoci a 2024.

Batun janareta ko mota mai aiki da ruwa kuwa hukuncinsa a fili yake. Ruwa shi ne abin da ya rage bayan haidirojin ta ƙone, matsayinsa matsayin toka ne. Ana iya raba shi da lantarki a fitar da iskar, amma lantarkin da aka kashe kullum ya fi wanda za a samu in an sake ƙone ta. Kilo ɗaya yana cin wajen yunit 50 na wuta. Stanley Meyer, Ba'amurken da ya yi suna da wannan iƙirari, wata kotu a Ohio ta same shi da zamba a 1996. Bakteriya ba ta karya wannan doka ba: ƙarfin da take fitarwa na rana ne, wanda shuka ta tara a cikin sukari.

Inda haidirojin ta riga ta shafi manomi

Akwai haidirojin a kowane buhun takin yuriya da ake sayarwa a ƙasar Sakkwato. Masana'antun Dangote a Lekki da Indorama a Eleme da Notore a Onne suna tatso ta daga iskar ƙasa, su haɗa ta da naitirojin na sararin sama ta zama amoniya, daga nan yuriya. Taki da tace mai su ne manyan masu cin haidirojin a duniya, ba motoci ba. Saboda haka idan wata rana aka samu hanyar yin ta da araha a arewa, amfaninta na farko ga mutumin Garu zai fi yiwuwa ya zo ta buhun taki kafin tankin babur. Hanyar da ta fi dacewa da yankin kuma ita ce raba ruwa da lantarkin hasken rana, domin rana ce dukiyar da Sakkwato da Tawa suke da ita a wadace, ba sukari ba. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana cikin jami'o'in Afirka ta Yamma huɗu da aka zaɓa su horar da ɗalibai kan wannan fanni a ƙarƙashin cibiyar WASCAL da tallafin Jamus.

A Mali ma akwai wani abu da ya cancanci sani. A 1987 masu haƙar rijiya a ƙauyen Burakebugu, arewa maso yamma da Bamako, suka ci karo da iska mai kama wuta, aka toshe ramin. Da kamfanin Aliou Diallo ya sake buɗe shi, aka tarar kusan kashi 98 cikin ɗari haidirojin ce, kuma daga 2012 aka fara ba ƙauyen lantarki da ita. Wannan rijiya ce ta sa ƙasashe da dama suka shiga neman haidirojin a ƙarƙashin ƙasa.

Abin da hannu zai iya kaiwa

A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, take kuma ƙarƙashin Hukumar Makamashi ta Ƙasa. Farfesa Abubakar Sani Sambo ya shugabance ta kafin ya shugabanci hukumar. Ta daɗe tana aiki a kan ramin bayogas, da murhu mai tsimin itace, da na'urar busar da amfanin gona, ta kuma sa wa ƙauyen Kwalkwalawa lantarkin rana. Ramin bayogas shi ne ɗan uwan tankin haidirojin na kusa: ƙwayoyi iri ɗaya ne ke fara aikin, sai dai a nan ana barin masu yin metan su ƙarasa, kuma ta haka ake kwato mafi yawan ƙarfin da ke cikin sharar. Ba ya buƙatar tafasa tanki ko matse iska, zafin Sakkwato yana taimaka masa, iskar na hawa murhu kai tsaye ko ta tayar da janareta da aka ɗan gyara, ruwan da ya rage kuma taki ne da ke komawa gona.

Kayan aikin suna nan a yankin: tumbi da jinin mahauta, kashin da ke taruwa a karar dabbobi ranar kasuwa, albasa da tumatir da ke ruɓewa kafin a samu mai saye. Waɗannan, saɓanin karan gero, ba wanda ke rigima a kansu. Abin da ya sha kashe irin waɗannan ramuka a Najeriya shi ne ƙarancin ruwan kwaɓi a rani, da rashin wanda aka ɗora wa alhakin ciyar da ramin kullum, da tsagewar da ba a samu magini ya gyara ba. Masu bincike a ƙasashe da dama suna gwada tanki mai hawa biyu, na farko ya ba da haidirojin, tsamin da ya rage ya gangara na biyu ya zama metan. Ɗalibin kimiyyar ƙananan halittu a Sakkwato ko Zariya zai iya gwada wannan da ruɓaɓɓiyar albasa da dafaffen kashin shanu, ya auna da kansa lita nawa ta iska kilo ɗaya ke bayarwa a zafin watan Afrilu, da nawa yake bayarwa a sanyin Janairu.